Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Yakubu Ya Duba Baya Sau Uku

Karatu: Farawa 32:9-12, 47:7-10, 48:15-16

   Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, buɗe Littafin Farawa ka sa yatsa a sura 32, gama a can za mu soma.

Hausawa suna da karin magana biyu da suke kamar suna gardama da juna. Na ɗaya ya ce waiwaye adon tafiya ne. Na biyu kuma ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Dukansu gaskiya ne. Akwai wanda zai duba baya ya cika da godiya, akwai kuma wanda zai duba baya ya kasa barci. Yau ina so mu ga abin da yake kawo wannan bambanci. Ina magana musamman da ku da kuka bar makarantar sakandare shekara 20 ko 30 da suka wuce, da ku da ba ku sami zarafin shiga ba, amma kuna ganin inda tsararku suka kai.

Abin da ya jawo wannan magana

A watan Disamba na 2023, mu da muka gama sakandare a 1998 muka kira taro a tsohuwar makarantarmu, domin mun cika shekara 25 da rabuwa. A lokacin jarrabawarmu ta ƙarshe ne labari ya zo cewa Janar Sani Abacha ya rasu, ran 8 ga Yuni. Babu mai wayar hannu a cikinmu, gama GSM ba ta shigo ƙasar nan ba sai 2001. A bayan littafi muka rubuta wa juna adireshi, yawancinmu da lambar akwatin gidan waya na ekklesiyar ƙauyenmu.

Da motar haya na je taron. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, kuɗin mota ya yi tsada ƙwarai, sai da matata ta ƙara mini daga kuɗin adashenta. Da na shiga ƙofar makaranta, sai ga manyan motoci jere a gindin mangwaron da muke yankan ciyawa a dā. Wani ya zama likita, wani babban hafsan soja, wata tana da babban matsayi a Abuja, wani kuma daga Ingila ya aiko da gaisuwa. Aka soma tara gudummawa domin gyaran rufin ɗakin kwanan ɗalibai. Wannan ya tashi ya ce dubu 500, wancan ya ce miliyan ɗaya, ana tafi. Ni kuwa naira 5,000 ce a cikin ambulan a aljihuna. Na koma kujerar baya na sunkuyar da kai, ni da nake tsayawa kowace Lahadi ina koya wa mutane su gamsu da abin da suke da shi.

A hanyar komawa gida tambaya ɗaya ce take damuna: me na yi da shekara 25? A aji ban taɓa wuce na uku ba, kuma lauya nake so in zama. Amma P7 na samu a Turanci, jami'a kuwa sai da kiredit biyar har da Turanci. Na sake rubutawa na ci, sa'an nan na zauna jarrabawar JAMB sau uku. A 2000 babana ya rasu, ni ne ɗan fari, ƙanne biyar suna bayana. Na yi acaɓa a Jos, na koma gida na yi noman acca da masara, daga baya na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, aka tura ni ƙauye aikin bishara. A daren nan barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauki tocila na buɗe labarin Yakubu. A nan na lura cewa sau uku wannan mutum ya tsaya ya ba da lissafin rayuwarsa, kowane lissafi kuma dabam yake da ɗan'uwansa.

Waiwaye na fari: ya ƙirga daga inda ya soma

A Farawa 32 Yakubu yana dawowa daga Haran, inda ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban. Shekara 14 ya yi bauta domin matansa biyu, shekara 6 kuma domin garke, Laban kuwa ya sauya masa lada har sau goma (Farawa 31:41). Yanzu ga shi kusa da rafin Yabbok, aka ce masa wansa Isuwa yana zuwa da mutum 400. Tsoro ya kama shi, ya yi addu'a. A cikin addu'ar ya shaida cewa bai cancanci ko mafi ƙanƙantar alherin da Allah ya yi masa ba. Ya tuna cewa ran da ya haye Urdun yana gudu, sanda kaɗai ce a hannunsa, ga shi yanzu jama'arsa da dabbobinsa sun isa a raba su kashi biyu (Farawa 32:10).

Ku lura da inda ya soma ƙirge. Daga sandar ya soma. Ya koma ranar da ya kwana a fili a Betel, dutse ne matashin kansa, abin da ya roƙa a wurin Allah kuwa shi ne abinci, da sutura, da komawa gidan ubansa lafiya (Farawa 28:20-21). Da ya auna yau da wannan rana, sai ya ga an ba shi fiye da abin da ya roƙa nesa ba kusa ba.

Ɗan'uwa, mece ce taka sandar? Ni dai na tuna tawa. Ran da na bar makaranta, akwatin ƙarfe ɗaya gare ni, da bokiti, da takalmin roba. A gidanmu akwai damina da sau ɗaya muke cin abinci a rana kafin sabuwar acca ta nuna. Yau ƙannen nan biyar duka sun yi karatu, biyu a cikinsu malaman makaranta ne, da kuɗin acaɓa da na gona aka biya musu. Na tuna kuma da ran 7 ga Satumba 2001, sa'ad da rikici ya ɓarke a Jos. Ina kan babur a unguwar da ba tawa ba. Wani dattijo Musulmi da ban san shi ba ya ja ni cikin gidansa, ya ɓoye ni kwana biyu tare da iyalinsa. Babur ɗin ya tafi, amma ga ni da rai ina magana da ku. A taronmu an karanta sunayen 'yan ajinmu bakwai da suka riga mu gidan gaskiya, muka yi shiru na minti ɗaya. Na ji sunayen da kunnena, amma ambulan ɗin da ke aljihuna ya hana ni tunani a kai.

Waiwaye na biyu: ya auna kansa da waɗansu

Shekaru suka wuce. A Farawa 47 yunwa ta kai Yakubu Masar, ɗansa Yusufu ya gabatar da shi a gaban Fir'auna. Sarki ya tambaye shi shekarunsa. Ya amsa cewa shekarun baƙuncinsa 130 ne, ya ce kaɗan ne kuma cike da wahala, ba su kuwa kai na kakanninsa ba (Farawa 47:9).

Kada mu yi saurin ba shi laifi, gama Littafi Mai Tsarki bai ba shi laifi ba. Wahalarsa ta gaske ce. An ci mutuncin 'yarsa Dinatu. Rahila, matar da yake ƙauna, ta mutu wajen haihuwar Biliyaminu a kan hanyar Efrata. Ya yi shekara 22 yana makokin Yusufu, yana tsammani naman jeji ya cinye shi. Allah bai ce mu rufe ido mu ce kome lafiya sa'ad da ba lafiya ba. Zabura cike take da kukan bayin Allah.

Amma ku duba ma'aunin da ya ɗauka a wannan rana. Kakansa Ibrahim ya yi shekara 175, ubansa Ishaku ya yi 180. Da ya jera 130 kusa da waɗannan, sai ya ga nasa kaɗan ne. Mutum yana tsaye a fādar sarkin Masar, ɗan da ya ɗauka ya mutu shi ne mai mulkin ƙasar, an ba iyalinsa yankin Goshen a tsakiyar yunwa, amma a amsarsa bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Haka gwada kai da wani yake yi wa mutum. Abin da ya same ni a kujerar baya ke nan.

Akwai dalilai huɗu da suka sa irin wannan awo yake ba da lissafin ƙarya.

Na ɗaya, waje kawai kake gani. Motar ɗan ajinka ka gani, ba ka ga bashin da ke wuyansa ba, ba ka ga maganin da yake sha kullum ba, ba ka san halin da gidansa yake ciki ba. Asaf, wanda ya rubuta Zabura 73, ya shaida cewa saura kaɗan ya zame saboda ƙyashin masu wadata, sai da ya shiga Haikalin Allah ya gane. Ba ina cewa kowane mai mota mugu ne ba. Da yawa cikin 'yan ajinmu da guminsu suka samu, suna kuma tsoron Allah. Ina cewa ne ba ka san dukan labarinsu ba.

Na biyu, ba daga wuri ɗaya kuka tashi ba. Riga iri ɗaya muka sa a makaranta, sai muka zaci daidai muke. Wani yana da kawu a birni da zai biya masa kuɗin jami'a, wani kuwa kabarin uba da gona ya tarar a gida. Wani ya shiga jami'a, yajin aikin malamai ya ƙara masa shekaru. Mai-Wa'azi 9:11 ya koya mana cewa mai gudu da sauri ba kullum yake cin tsere ba, mai hikima kuma ba kullum yake samun abinci ba, gama lokaci da abin da ba a zata ba suna samun kowa.

Na uku, ba a rufe lissafin ba tukuna. A Farawa 42:36, sa'ad da aka tsare Simeyon a Masar ana kuma neman Biliyaminu, Yakubu ya yi kuka cewa kome ya juya masa baya. A daidai wannan lokaci Yusufu yana da rai, shi ne ma yake cika buhunan 'yan'uwansa da hatsi. Yakubu bai yi ƙarya ba, rabin labari ne kawai yake hannunsa. Ko a gaban Fir'auna ma, da sauran shekara 17 a gabansa, waɗanda ya yi su cikin salama kusa da ɗansa. Kai da kake da shekara 45, Kalibu yana da 85 sa'ad da ya nemi a ba shi ƙasar tuddai ta Hebron ya kuma same ta (Joshuwa 14:10-13).

Na huɗu, kiran kowa dabam ne. Bayan tashin Yesu daga matattu, ya nuna wa Bitrus irin mutuwar da zai yi. Bitrus ya waiwaya ya ga Yohanna, ya tambaya abin da zai faru da shi. Ubangiji ya nuna masa cewa wannan ba ruwansa ba ne, nasa dai shi ne ya bi shi (Yohanna 21:18-22). A ranar ƙarshe ba za a tambaye ka aikin ɗan ajinka ba.

Ku kuma da Allah ya ɗaga, wannan magana ta shafe ku. Gwada kai da wani yana haifar wa na ƙasa baƙin ciki, yana haifar wa na sama girman kai, tushensu kuwa ɗaya ne. Musa ya gargaɗi Isra'ila cewa idan sun ci sun ƙoshi sun gina gidaje masu kyau, kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu, gama Ubangiji ne mai ba da ikon samun dukiya (Maimaitawar Shari'a 8:11-18). Idan ka je taron tsofaffin ɗalibai, ka nemi wanda yake zaune a kujerar baya.

Waiwaye na uku: ya ga Makiyayi

Yakubu ya kai shekara 147, idanunsa sun dushe, yana kwance a gadon mutuwa. Yusufu ya kawo masa 'ya'yansa biyu, Manassa da Ifraimu. Tsohon ya ɗora hannuwansa a kansu ya sa musu albarka. A cikin albarkar ya kira Allah makiyayinsa na dukan kwanakin ransa har zuwa wannan rana, ya kuma ambaci Mala'ikan da ya fanshe shi daga kowace masifa (Farawa 48:15-16).

Me ya sake? Babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka wuce da ya sake. Rahila tana nan a kabarinta, ya ma ambaci mutuwarta da baƙin ciki a wannan zama (Farawa 48:7). Shekara 22 da ya rasa tare da Yusufu ba su dawo ba. Ɗingishin da ya samu a daren da ya yi kokawa a Feniyel alama ce da ya ɗauka daga can. Abin da ya sake shi ne wanda ya sa a tsakiyar labarin. A gaban Fir'auna maganarsa a kan kwanakinsa ce da wahalarsa. A kan gado maganarsa a kan Allah ce da abin da Allah ya yi.

Yakubu ya san abin da yake faɗi, gama shi kansa makiyayi ne. Ya taɓa gaya wa Laban yadda rana ta ƙone shi, sanyin dare ya dame shi, barci ya gagare shi saboda garke (Farawa 31:40). Ku da kuka yi kiwo kuna yara kun sani, tunkiya ba ta san dalilin da ya sa aka hana ta shiga gonar da take gani kore shar ba. Ba ta san dalilin da ya sa aka bi da ita ta doguwar hanya ba. Mai kiwo ne ya san inda rafi ya cika da inda kura take. Daga Horeb zuwa Kadesh Barneya tafiyar kwana 11 ce (Maimaitawar Shari'a 1:2), amma Isra'ila suka yi shekara 40 a jeji saboda rashin bangaskiyarsu. Duk da haka Musa ya umarce su su tuna da dukan hanyar, gama a cikinta tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu kuma ba su kumbura ba (Maimaitawar Shari'a 8:2-4). Ko a hanyar da laifinsu ya tsawaita, Allah bai bar su ba.

Ibraniyawa 11:21 ya gaya mana cewa sa'ad da Yakubu yake bakin mutuwa, ya jingina a kan sandarsa ya yi sujada. Da sanda ya haye Urdun, da sanda kuma ya gama. Ba takardar shaida ko mota da za ta raka mu kabari. Wanda ya san Makiyayinsa ne kaɗai zai iya yin sujada a wannan rana.

Amma Isuwa yana kan hanya

Akwai abin da na tsallake, dole in koma kansa. Sa'ad da Yakubu ya yi waiwaye na fari, ba albarka kaɗai ya gani ba. Ya ga bashi. Shekara 20 kafin nan ya sa fatar akuya a hannu ya ruɗi ubansa makaho, ya ƙwace albarkar wansa. Babu hanyar komawa gida sai ta gaban Isuwa. Ya aika da kyautar dabbobi 550, ban da 'ya'yan raƙuma, sa'an nan ya wuce gaban iyalinsa ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi kuka (Farawa 33:3-4).

Ni ma ina da nawa Isuwa. A 1997, ina aji biyar, aka sa ni kula da ɗakin cin abinci, makullin sito yana bi ta hannuna. Na riƙa ɗibar wake da madarar gwangwani ina sayarwa a waje. Ba yunwa ce ta sa ni ba, takalmi nake so irin na yaran birni. Da asiri ya soma tonuwa aka bincika akwatuna, aka sami gwangwani a akwatin wani ɗan ajinmu mai taya ni ɗaukar kaya. Ni ne na ba shi. Aka fito da shi a gaban dukan makaranta, aka yi masa bulala, aka kore shi. Ina tsaye a layin gaba, ban ce uffan ba. Na tuba ga Allah daga baya, na yi wa'azi a kan Zakka sau da yawa, amma ban taɓa neman wannan mutum ba.

A taron nan wani ya ambaci sunansa, aka ce kafinta ne a wani gari da bai fi tafiyar awa biyu daga inda nake aiki ba. Bayan na karanta labarin Yakubu, na gaya wa matata da dattawan ekklesiyarmu kome. A watan Janairu 2024 na tafi. Na same shi a shagonsa yana gyaran ƙofa. Ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kai ne? Sannu da zuwa." Na durƙusa a cikin ƙurar katako na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce, "Ai na sani tun ranar. Na yi ta duban bakinka ko za ka buɗe, ba ka buɗe ba. Ni na yafe maka tuntuni, don in sami barci. Amma babana ya mutu yana ganin ɓarawo ya haifa."

Abu ɗaya ya roƙa, in je in faɗa a gaban mamarsa. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, ni kuma ba na jin yarensu, saboda haka shi da kansa ya riƙa juya mata maganata, har da inda na ce na yi shiru ana dukansa. Da na gama ta ce, "Tashi, ɗana. Ni dai na san abin da na haifa." Ta sa aka kawo mini ruwa. Kuɗin da na kawo ya ƙi karɓa da fari, da na nace ya ce in zuba a kuɗin makarantar 'yarsa, abin da nake yi ke nan har yau gwargwadon ƙarfina.

Kada ku ce kome ya gyaru. Karatunsa bai dawo ba, ubansa kuma bai ji gaskiya ba. Da na je shekara goma kafin nan, da na tarar da tsohon da rai. Da na sani ƙeya ce. Abin da ya sa nake gaya muku wannan abin kunya ke nan: idan akwai wanda ka cuta, kada ka jira wani taro. Yesu ya ce idan ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Na kuma gane cewa a ranar taron ina kukan abin da ban samu ba, alhali akwai wanda ni ne na hana shi nasa.

Ba a ce mu manta da abin da ke baya ba?

Wani zai ce, to, ai Bulus ya ce yana mantawa da abin da ke baya (Filibiyawa 3:13), matar Lutu kuma waiwaye ne ya hallaka ta. Gaskiya ne. Amma a wannan sura Bulus ya lissafta asalinsa da yadda ya tsananta wa ekklesiya, a 1 Timoti 1:13-16 kuma ya sake tuna da shi domin ya nuna girman jinƙan Almasihu. Nufinsa shi ne bai dogara ga darajarsa ta dā ba, bai kuma bar zunubin da aka gafarta ya ɗaure masa ƙafa ba. Waiwayen da Allah ya ƙi shi ne na marmarin komawa, irin na Isra'ila sa'ad da suka tuna da kifi da albasa da tafarnuwar Masar suka manta da bulalar bauta (Ƙidaya 11:5). Waiwayen da Allah ya umarta shi ne wanda yake kai mutum ga godiya da tuba, sa'an nan ya ci gaba da tafiya.

Abin da za ku yi a gida

Ina roƙonku ku yi wani abu a cikin wannan mako. Ka ɗauki takarda ka rubuta shekarar da ka bar makaranta, ko shekarar da ka bar gidan iyaye. A ƙarƙashinta ka rubuta abin da yake hannunka a ranar. Sa'an nan ka bi shekaru ɗaya ɗaya, ka rubuta inda Allah ya ciyar da kai, da inda ya tsare ranka, da mutanen da ya aiko maka. Ka rubuta wahalar ma, kada ka ɓoye ta. A bayan takardar ka rubuta sunan duk wanda kake bukatar ka je wurinsa, ka sa ranar tafiya. Sunan ɗan ajinka mai mota kuwa, idan za ka rubuta shi, ka rubuta domin ka yi masa addu'a.

Idan ka gama, ka tara 'ya'yanka bayan cin tuwon dare ka ba su labarin. Sa'ad da Isra'ila suka haye Urdun, Joshuwa ya kafa duwatsu 12 a Gilgal domin in yara sun tambaya, iyaye su gaya musu abin da Ubangiji ya yi (Joshuwa 4:20-24). Ni da Hausa nake magana da ku domin ita ce ta haɗa mu, amma kai ka ba su labarin da yarenku. Da yawa cikinmu an hukunta mu a makaranta saboda mun yi yaren gida, har muka girma muna jin kunyarsa. Allah ya yi kiwon kakanninka da suke magana da wannan yare, ya kamata jikokinsu su ji yabonsa a cikinsa.

Kai kuma da ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, idan ka duba baya za ka ga alherin Allah da yawa, amma za ka ga zunubin da ba ka da abin biya. Yesu shi ne Makiyayi Mai Kyau da ya ba da ransa domin tumaki (Yohanna 10:11). Wanda ya furta zunubansa zai sami gafara da tsarkakewa (1 Yohanna 1:9). Ka nemi fasto ko mai bishara na kusa da kai ku yi addu'a tare.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ka yi kiwonmu tun daga ƙuruciya har zuwa yau. Ka gafarta mana inda muka auna kanmu da waɗansu muka raina alherinka. Ka ta'azantar da waɗanda suka duba baya suka ga kaburbura da ƙofofin da aka rufe musu. Ka ba mu ƙarfin hali mu je wurin waɗanda muka cuta tun suna da rai. Sauran kwanakin da ka ba mu kuwa, ka koya mana mu bi ka da aminci. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Ubangiji ya albarkace ku, ya tsare gidajenku, sai mun sake saduwa a shiri na gaba.